Lukuman Bai Yarda da Fenti Ba

A Bukuru, in keken ɗinki ya fara tsinka zare ko yana tsallake ɗinki, wurin Lukuman ake kai shi. Shagonsa yana bayan kasuwa, ɗan ƙaramin ɗaki ne mai warin man keke, kawunan kekuna jere a ƙasa suna jiran layi. Kakansa ya zo garin zamanin haƙar kuza, ya yi dakon ƙasa a kwano har bayansa ya ranƙwafa. Mahaifinsa tela ne. Shi kuwa Lukuman tun yana ƙarami yadi bai dame shi ba, abin da ke motsi a ƙarƙashin yadin yake so ya gani. Ya sha duka a kan kwance keken mahaifinsa, har tsohon ya gaji, ya ja shi wurin wani mai gyara ya ce, "Ga shi nan, ya je ya kwance na mutane."

Yanzu shekararsa arba'in da huɗu, kuma hannu ɗaya gare shi. Shekara uku da suka wuce yana dawowa daga Vom a kan babur, da kan keken wata mata ɗaure a baya, wata motar yashi ta matse shi a kwana. Kan keken ko ƙwarzane bai yi ba. Hannun dama ne likitoci suka yanke daga ƙasan gwiwar hannu. Bayan wata biyar ya sake buɗe shago. Ya kafa abin matse ƙarfe a bakin tebur, ya koyi riƙe sukudireba da hagu, ya koyi danne kan keke da dungun hannunsa. Matan da ke kawo masa gyara suka yi ta jera masa sannu, har ya koma tarar numfashinsu da "Me ya samu keken?" tun kafin su rufe baki.

Amma in aka zauna ana hirarsa a garin, ba a kan gyaran keke ake daɗewa ba. Maganar bangon shagon Oga Dalu ake yi.

Chukwudalu, wanda kowa ke kira Oga Dalu, ɗan kasuwa ne haifaffen Bukuru. Shagonsa yana kan titin da ya raba unguwanni biyu, masallaci ta wannan gefe, coci ta wancan. Lokacin da Lukuman ke sakandare, Oga Dalu ya kawo wani akwatin wasa daga Anaca, dogo kamar firji, da talabijin a ƙirjinsa. A gaban talabijin ɗin akwai wurin mutum biyu. Kowa yana da sanda mai dunƙulallen kai da yake juyawa da hagu, ɗan dambensa na cikin talabijin ya yi gaba ko baya, ya durƙusa ko ya yi tsalle. A dama kuma maɓallai shida ne, uku na naushi, uku na shuri. Kayan cikin akwatin sun daɗe da mutuwa. Wani ɗan'uwan Oga Dalu ne ya cusa masa tsohuwar kwamfuta mai kwaikwayon injin na da, wasan ya dawo yadda aka san shi, har da ƙarar ƙararrawarsa. Yau caja da batir da lemo shagon ke sayarwa, akwatin yana can ƙurya an lulluɓe shi da zani. Ranar Asabar kaɗai ake yaye zanin, daga la'asar zuwa gab da magariba, yaran da suka taɓa gudu daga makaranta dominsa su taru da furfurarsu da tumbinsu.

Dokokin wurin ba su da yawa. Wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya tashi. Mai son wasa ya rubuta sunansa da alli a ƙasan layi a jikin bango, in an ci shi ya goge ya koma ƙasa. Can sama kusa da silin kuwa akwai sunaye da farin fenti, na waɗanda suka gama da wasan ne. Akwai Sa'adu da ya rasu, da wasu biyu da suka bar garin bayan wani rikici ba su sake dawowa ba. Oga Dalu da kansa yake hawa kujera ya rubuta su, kowa da yawan mutanen da ya taɓa tayarwa a zama ɗaya.

Bayan hatsarin, Lukuman ya yi shekara guda bai taka shagon ba. In hanya ta biyo da shi ta nan, sai ya tsallaka titi ya bi ɗaya gefen. Wata Asabar cikin damina ruwa ya tsinke da ƙanƙara yana daidai ƙofar, babu inda zai fake sai ciki.

Oga Dalu ya zagayo daga bayan kanta ya rungume shi. Mutum bakwai ko takwas suka miƙe, kowa ya rasa hannun da zai ba shi. A kan benci Hosana ce zaune, ma'aikaciyar wani gidan madara a Vom, mace ɗaya tilo a cikinsu. Tun suna yara take zuwa da kayan makaranta ta ci maza, kuma kowa ya san in ta cire agogon hannunta ta ajiye a kan akwati, to wasa ya ƙare.

Lukuman ya gama gaisawa, ya ɗaga kai. Sunansa na nan da farin fenti a ƙarƙashin na Sa'adu, da lamba sha ɗaya a gefe.

Ya ce, "Oga Dalu, yaushe na rasu?"

"Haba Luku, wane irin magana ne wannan?"

"Na ga sunana kusa da na Sa'adu. Na ce ko an yi jana'izar ban samu labari ba."

"Girma ne muka ba ka, mutumina. Mutum sha ɗaya a zama ɗaya fa. Ba wanda ya kai ka."

"Ni da alli nake so."

Ƙanƙara tana ta dukan kwano. Oga Dalu ya sosa ƙeya. Mutumin kirki ne, kuma abin da ya faɗa bayan nan da zuciya ɗaya ya faɗe shi.

"To ba damuwa. Kai ka riƙe sanda, Hosana ya danna maka botin. Ku biyu ku zama mutum ɗaya."

Hosana ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.

Lukuman ya ce, "In muka ci, wa ya ci?"

"Ku duka mana."

"In aka ci mu fa, wa zai tashi? Rabina?"

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Oga Dalu ya ce in fentin ne ya ɓata masa rai, gobe zai sa a goge.

"Kar ka taɓa shi. Ni zan kankare abina, ranar da na zauna a bencin can ni kaɗai."

Ya fita ruwan bai ɗauke ba.

Kwana da kwanaki yana juya abin a ransa. Hannun sanda dai yana nan, da ma hagu ke riƙe ta. Aikin yatsun dama ne babu mai yi. Amsar ta zo masa ne yana gwada wani babban keken lantarki da ya gama gyarawa. Mai keken ya zauna ya ɗora hannayensa biyu a kan yadi, ƙafarsa ta taka feda keke ya ɗauka, gwiwarsa ta ture wani ƙarfe ƙafar keken da ke danne yadi ta ɗaga. Lukuman ya shekara ashirin da biyar yana ganin wannan, bai taɓa kallonsa ba sai ranar.

Ya jawo ƙarfen teburin wani mataccen keke daga bayan shago. Ya samo feda biyu irin na keken ɗinki na ƙafa, masu lilo gaba da baya, aka yanke masa su a wurin mai walda suka zauna gefe da gefe. Kowace feda in ka danna ta da yatsu maɓalli ɗaya ne, in ka danna da dunduniya wani ne. Huɗu ke nan. Ya ɗaura ƙarfen gwiwa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, suka cika shida. A ƙarƙashin kowanne ya sa ɗan makunni mai ƙara ƙyas. Sandar kuwa ya sayo sabuwa a cikin Jos, ya kafa ta a aljihun teburin keke na katako. Mai kayan ya nuna masa wani ɗan koren allo, bai kai tafin hannu ba, wanda ke karɓar saƙon sanda da maɓallai ya miƙa wa kwamfuta ta waya guda. Lukuman ya sayi biyu. A ganinsa kaya biyu ya ƙera, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kowanne ya ji da allonsa da wayarsa. Ba shi da kwamfuta a gida, don haka da batir da ƙwan tocila ya yi gwaji. Duk abin da ya taka, ƙwai ya kama. Ya ce shi ke nan.

Asabar ta biyar ya sauke kayan daga keke napep a ƙofar Oga Dalu. Aka kewaye shi ana leƙe. Wani ya tambaya ko ɗinkin sallah zai fara karɓa. Oga Dalu ya buɗe ƙofar cikin akwatin, ya zare wayar ɗan wasan hagu, ya miƙo hannu.

"Waya biyu?"

"Biyu."

Ya soka su. Hosana ta zauna a wurinta na dama. Lukuman ya zaɓi ɗan damben da ya saba ɗauka tun yana yaro, wani ƙato mai sanƙo da koren wando. Ƙararrawa ta buga. Ya tura sanda, mai sanƙo ya taka gaba, kuma wani abu ya motsa a ƙirjin Lukuman wanda ya yi shekara bai motsa ba. Ya danna feda da yatsun dama.

Ɗan damben Hosana ya kai wa mai sanƙo naushi a hanci.

Lukuman ya sake takawa da ƙarfi. Wani naushin. Ya tura gwiwa, aka shure shi a ciki. Hosana ta ɗaga hannayenta biyu sama.

"Allah, Yaya Luku, ban taɓa komai ba."

Shi kuwa bai ji ta ba. Ganin ana dukansa ya sa ya yi ta taka fedojin nan da duk ƙarfinsa, yana tura mai sanƙo gaba, mai sanƙo yana shan duka, har ya faɗi warwas. Sai a lokacin mutane suka gane cewa Lukuman ne ya yi wa kansa dukan tsiya da ƙafafunsa. Dariya ta ɓarke. Wani ya zauna a kan katan ɗin lemo yana share hawaye. Lukuman ya kafa wa talabijin ido.

Hosana ce ta leƙa ta gano abin, don a wurin aikinta ta saba da kwamfutar da ake jona wa ma'auni.

"Ita kwamfuta waya take ƙirgawa, ba mutum ba. Sandarka ta shiga, ta ce ga na ɗaya. Ƙafafunka suka shiga, ta ce ga na biyu. Ni kuma ta tura ni na uku, wasan bai san da na uku ba." Ta juya ga mai shago. "Oga, bari in shiga saitin in gaya mata maɓallan na biyu na na ɗaya ne."

Oga Dalu ya tare gaban akwatin da jikinsa.

"Ba wanda zai taɓa cikin kwamfutan nan. Bara wani ya taɓa, sati uku akwati yana kwance. Wanda ya haɗa shi yana Fatakwal, ba ya ɗaukan waya. Kuma in an ɗauke wuta an kawo, ya sake juya lamba, wa zai gyara? Mutum ɗaya, waya ɗaya. Haka yake tun da." Ya sassauta murya. "Luku, ka yi ƙoƙari. Kowa ya gani. Ka bar shi haka."

"Waya ɗaya ka ce?"

"Ɗaya."

"To."

Bai bari kowa ya kama masa kayan zuwa bakin titi ba.

A gida ya ajiye su a tsakar gida kusa da keken matarsa. Balaraba tela ce, a gida take ɗinki, kayan mata da na makaranta. Ta dubi ƙarfen, ta dubi fuskarsa, ta zuba masa gwate.

Washegari da safe ya kwance aljihun sanda ya ɗauko koren allon ya kai shi hasken rana. Ga ramin sanda a gefe guda. Ga kuma wasu ƙananan ramuka jere, sun fi goma, duk wofi. Wurin maɓallai ne. Allo ɗaya yana da mazaunin kowa, shi ne da kansa ya raba su gida biyu. Ya daɗe yana kallon ramukan, sannan ya yi tsaki ya cire allo na biyu ya jefa a gwangwanin kusoshi.

Sai dai wayoyin da suka zo da allon gajeru ne, ba su kai tsawon taƙi ɗaya ba, fedojin kuwa suna ƙasa. Dole a yanke kowace a ƙara mata tsawo, a like da dalma, baki goma sha biyu a sama, goma sha biyu a ƙasa. Like da dalma kuwa ko mai hannu biyu yana neman na uku: ɗaya ya riƙe waya, ɗaya ƙarfe mai zafi, ɗaya dalma. A gwajin farko murɗa wayoyin kawai ya yi ya naɗe da salatif, amma wannan karon waya za ta riƙa lanƙwasa duk lokacin da gwiwa ta motsa, murɗi ba zai riƙe ba.

Balaraba ta ajiye almakashi.

"Kawo in riƙe maka, Baban Salma."

"A'a."

"Riƙewa ce kawai."

"In kin riƙe, gobe a ce Balaraba ce ta haɗa."

"Wa zai ce? Daga ni sai kai sai kaji a gidan nan."

"Ni zan ce."

Ta ɗauki almakashinta. "To Allah ya ba da sa'a. Kar dai ka ƙona min tabarma."

Tsohon keken mahaifinsa yana ɗaki, ya jawo shi. Ya haɗa bakin wayoyi biyu ya sa su a ƙarƙashin ƙafar keken, ya sauke ta ta danne su kamar yadi. Naɗin dalmar kuma ya ɗora shi a kan tsinken da ake ɗora zare, ya bi da ita ta hanyar da zare ke bi, har bakinta ya sauko yana reto daidai wurin allura. Saura ƙarfe mai zafi, shi kuma ga hagu. Na farko ya yi dunƙule kamar kashin akuya, ya yanke ya sake. Sau biyu ya manta ya kai dungun hannunsa zai gyara waya ya ƙone. Kwana huɗu ya yi a kan baki ashirin da huɗu. Da ya gama ya ɗaure aljihun sanda a saman ƙarfen teburin da kusoshi huɗu, kaya biyu suka zama ɗaya, waya guda ta fito ta baya.

Ranar Talata da hantsi, lokacin da babu kowa a shagon, ya kai wa Oga Dalu. Aka soka. Sanda ta motsa mai sanƙo, feda ta sa mai sanƙo ya yi naushi. Oga Dalu ya ce, "To ka ga. Sai Asabar ke nan."

Lukuman ya ce ba wannan Asabar ba. A 'yan mintocin nan ya ga abin da ya fi waya wuya. Yana son naushi sai shuri ya fita, yana son ɗaya sai biyu su fita tare. Kansa ya san wasan, ƙafafunsa ba su san komai ba.

Da yamma yana tsakar gida yana taka fedojin, ƙwan tocila yana kamawa yana mutuwa, Balaraba tana feraye dankalin turawa tana kallonsa ta wutsiyar ido. Ta yi haƙuri har ta gaji.

"Kunama kake kashewa?"

"Me kika gani?"

"Kai gyaran keke ka iya, ba ka iya taka shi ba. Shekara nawa kana gyara, da hannu kake juya shi ka ce wa mutane ya yi. Wa ya taɓa taka feda da takalmi sau-ciki? Kuma daga cinya kake takawa. Daga idon sawu ake yi, ƙafa ba ta barin feda."

Ya buɗe baki zai yi musu, ya tuna mahaifinsa da yadda ƙafarsa ke lilo kamar ba ta taɓa komai. Ya cire takalmin.

"Nuna min."

"Au, wannan ba za a ce Balaraba ce ta yi ba?"

"Koyarwa daban, yi wa mutum daban."

Ta ɗora shi a kan kekenta, ta cire zare, ta ba shi tsohuwar jarida ya bi layin rubutu da allura. Ranar farko keken ya yi ta komawa baya. Bayan mako guda ta mayar da zare ta ba shi kalmasar rigunan filo, yana tura yadi da hagu yana danne shi da dungu. Wanda ya karkace ta farke ta miƙo masa. Kowace safiya kafin ya tafi shago sai ya yi goma. In ya dawo kuma ya hau nasa ƙarfen, ita tana aikinta tana jefo masa umarni ba tare da ta ɗago ba: "Yatsun dama. Dunduniyar hagu. Gwiwa. Gwiwa na ce, ba duka jiki ba." Wata rana ya tarar ta ɗinka wa wayoyin riga da ragowar yadin wandon makaranta, daga feda har aljihu. Ya duba ɗinkin, ya ja ya ji ƙarfinsa, ya bar shi.

Sai da ya yi mako shida sannan ya koma.

Ya shiga, ya jingine ƙarfensa, ya ɗauki alli a kan kanta. Rubutun hagunsa har yanzu kamar na ɗan aji ɗaya yake. Ya rubuta sunansa a ƙasan na mutum biyar, ya zauna a kan katan yana jira kamar kowa. Hosana ce a benci, ta tayar da biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya.

Oga Dalu ya karɓi wayar, ya ɗaga ta sama kowa ya gani ɗaya ce, ya soka. Lukuman ya cire takalmi ya jera su a gefe.

Zagayen farko ya ci. Aka yi tafi, wani ya daki kafaɗarsa. Shi kuwa bai yi murmushi ba. Ya san wasan Hosana kamar yadda ya san ƙarar keken da bobin ɗinsa ya kwance. Ba ta taɓa barin a share mata ƙafa sau biyu a jere ba, yau ta bari sau huɗu. Aka shiga zagaye na biyu, ya matso da gangan ya tsaya a buɗe, inda ko makaho zai kai duka. Ɗan dambenta ya ja da baya.

Lukuman ya saki sanda ya ɗora hannunsa a cinya.

"Hosana, yaron wa kike yi wa wasa?"

"Ban gane ba, Yaya Luku."

"Kin gane. In fenti kike so ki ƙara min, gwangwanin yana wurin Oga Dalu. Ki hau kujera ki yi a fili."

Ta dube shi, ta dubi ƙafafunsa a kan feda, da tabon ƙuna biyu a dungun hannunsa. Agogonta yana hannunta. Ta kwance shi a hankali ta ajiye a kan akwati.

"Oga, mayar da shi farko."

Zagayen farko bai kai rabin minti ba ta shimfiɗe shi. Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya ce sannu. A na biyu ya daina tunanin ƙafafunsa, ya bar su suka yi abin da suka koya a kan rigunan filo. Ta yi tsalle ta zo ta sama, gwiwarsa ta hagu ta tura ƙarfe, mai sanƙo ya tare ta a iska. Suka yi ta musayar duka har layin jinin da ke nuna sauran ƙarfin kowa a saman talabijin ya rage kamar zare. Dunduniyarsa ta riga yatsanta. Ta faɗi.

Hosana ta ce wani abu da yarensu wanda ba yabo ba ne, ta gyara zama.

Na uku ya daɗe. Ƙarfen teburin yana ta ƙara a kan siminti, gumi ya jiƙa masa riga. Gab da ƙarshe zufa ta sa ƙafarsa ta dama ta zame, ya nemi naushi shuri ya fita, ta shige ƙarƙashinsa ta gama da shi.

"Tashi," in ji ta, ba ta ko kalle shi ba. "Wa ke biye?"

Lukuman ya tashi. Ya zare wayarsa, ya ja ƙarfensa gefe, ya sa takalmi. Ya je bango ya goge sunansa da tafin hannu, ya sake rubuta shi a ƙasan layi. Sannan ya jawo kujerar kanta, ya ciro sukudireba daga aljihu ya kama ta da haƙora, ya dafa bango ya hau. Kujerar ta yi rawa. Oga Dalu ya sa hannu ya riƙe ƙafarta. Lukuman ya gani, ya bar shi ya riƙe.

Ya kankare harafi bayan harafi, garin fenti yana zubo masa a gira. Da ya zo kan lambar, Oga Dalu ya ce daga ƙasa, "Ka bar sha ɗayan mana. Kai ka yi shi."

Lukuman ya tsaya da sukudireba a kan lambar.

"Mai hannu biyu ne ya yi shi. Amma bar shi nan in riƙa gani. Zan zo in same shi."

Lambar tana nan har yau kusa da silin, ita kaɗai, da ƙwarzanen siminti a gefenta. Cikin shekara biyun nan mafi yawan da Lukuman ya tayar a zama ɗaya mutum huɗu ne, kuma sau biyu kacal ya tayar da Hosana. Ya liƙa wa fedojin robar tayar babur saboda zufa. Duk Asabar bayan la'asar yakan sauke ƙarfensa a ƙofar shagon, ya ɗauki alli, ya duba inda layi ya tsaya.